Wane Irin Likita Ka Gani?

Bara da kaka, bayan an gama yankan dawa, na je wani ƙauye domin in duba rumbunan da muka yi wa gyara. Na sauka a gidan wani dattijon ekklisiyar wurin, mai shekara sittin da 'yan kai. Shi ne yakan karanta Nassi ran Lahadi in mai bishara ya yi tafiya. Da na yi sallama ya fito taryena, sai na ga ya yi karo da turmin da ke gefen ƙofa, turmin kuwa a wurin yake tun da na san gidan. Ga kuma tabarau sabo fil a fuskarsa.

Na ce, “Baba, lafiya kuwa?”

Ya ce, “Lafiya lau, Malam. Idon ne ya ɗan yi sanyi, amma na riga na ga likitan ido. Ka ga abin da ya ba ni.”

Na ce, “Wane likitan ido ke nan, Baba?”

Ya ce, “Na kasuwar Laraba mana, wanda yake shimfiɗa tabarma kusa da 'yan goro.”

Na san mutumin. Yana da akwati cike da tabarau iri iri, da wata tsohuwar jarida. Kana gwada ɗaya bayan ɗaya har ka sami wanda baƙaƙe suka fito da shi, ka biya, ka tafi. Ban ce macuci ba ne. Tabaran da ya sayar wa Baba yana aiki, gama Baba ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya karanta mini sura guda ba gargada. Amma da na tsaya a gefensa na ɗaga hannu ina kaɗawa, bai san na ɗaga ba. Abin da ke gabansa sosai yana gani, kamar mai leƙe ta ramin gora, na gefe kuwa duk ya tafi.

Ekklisiya ta yi tarbace, ɗansa ya kai shi babban asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce jijiyar idon hagu ta riga ta mutu, ba abin da za a yi mata. Ta dama kuwa da saura, za a yi ƙoƙari a tsare abin da ya rage. Ya tambayi ɗan me ya hana su zuwa tun da wuri. Ɗan ya ce ai shekara uku ke nan Baba yana ganin likitan ido.

Ba ƙarya ya yi ba. Da Hausa haka muke faɗa. Shi ya sa na ajiye zancen taki da iri a wannan fitowa, domin mu yi magana a kan sunaye.

KOWA LIKITA NE?

Masana harshe sun ce kalmar likita baƙuwa ce, daga “dokta” na Turanci bakin kakanninmu ya lanƙwasa ta, kamar yadda asibiti da nas da tiyata duk daga can suka zo. Kafin zuwanta muna da namu sunayen, kowa da aikinsa. Wanzami shi ke ƙaho da kaciya. Maɗori shi ke da karaya. Ungozoma tana wurin haihuwa. Ba wanda ya taɓa kai karayar ƙafa wurin ungozoma. Watau mutanen da sun san gwanintar magani kashi kashi ce. Da aikin asibiti ya zo, sai muka tara kowa da kowa cikin buhu ɗaya. Mai farar riga likita. Mai yin allura likita. Mai shagon kemis, wanda izninsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai cikin kwalinsu, shi ma ana ce masa likita, yana kuwa amsawa. Ni kaina an taɓa kirana likita a wata ruga, don na ɗura wa 'yan maruƙa maganin tsutsa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma nasu dabam ne. A wajen Maraɗi in mutum ya ce ya tafi likita, sau da yawa gidan maganin yake nufi, mutumin da ke ciki kuwa lokotoro ne.

A yawancin ƙauyukanmu, wanda muke samu a ɗakin shan magani malamin asibiti ne, wanda ya yi shekara biyu ko uku a makarantar koyon aikin lafiya. Mutum ne mai amfani ƙwarai. Shi ke da zazzaɓi da gudawa da allurar rigakafi, kuma nagari a cikinsu ya san lokacin da zai ce, “Wannan ya fi ƙarfina, ga takarda, ku wuce gaba.” Likita sosai kuwa shi ne wanda ya yi shekara 6 a jami'a, ya sami shaidar da ake rubutawa MBBS, ya ƙara shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya, majalisar likitoci ta ƙasa ta rubuta sunansa. Wannan likitan kowace cuta ne. In yana so ya zama gwani a kan abu ɗaya, sai ya sake komawa koyo a asibitin koyarwa, shekara 5 ko 6, wani lokaci fiye da haka, yana cin jarrabawa hawa hawa. Kwalejin da ke ba da wannan shaida a Nijeriya an kafa ta a 1979, akwai kuma ta Afirka ta Yamma. Sa'an nan ne ake ce masa kwansaltan, mu kuwa mu ce ƙwararren likita. In ka haɗa da shekarar bautar ƙasa, za ka ga mutumin ya ci shekara 13 ko 14 bayan sakandare kafin ya kai nan. Da shi da mai tabarmar kasuwar Laraba, suna ɗaya muke ba su.

MASU AIKIN IDO

A asibitin ido mutum huɗu ne za ka iya haɗuwa da su, ba kuwa aiki ɗaya suke yi ba.

Babbansu shi ne wanda Turawa ke ce wa oftalmolojis. Kada tsawon sunan ya ba ka tsoro. Daga Helenanci ne, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, a cikinsa kuwa “oftalmos” ido ne kawai. Wannan shi ne likitan nan mai MBBS wanda ya koma ya ƙware a kan ido. Yana ba da magani, yana kuma yin fiɗa. A ƙasar nan aikin cire yana, da duk wani aiki na cikin ƙwayar ido, nasa ne. A ganina sunan da ya fi dacewa da shi a bakinmu shi ne likitan fiɗar ido.

Na biye da shi oftometris ne, ma'anar sunan kuwa mai awon gani. Shi ma shekara 6 yake yi a jami'a, amma makarantarsa dabam ce, shaidarsa kuma OD ake rubutawa. Dokar da ta kafa hukumar da ke rubuta sunayensu ta fito a 1989. Shi ma Dokta ake kiransa, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan wannan tsakaninsu da likitoci. Ni ba ruwana da wannan gardama. Abin da ya shafe mu shi ne aikinsa. Yana auna ƙarfin ganinka, ya rubuta maka irin tabaran da ya dace, ya auna matsin cikin ido, ya haska ya leƙa jijiyar da ke can baya, ya ba da maganin ɗigawa ga wasu cututtuka. Ba ya cire yana. In ya ga abin da ke bukatar wuƙa sai ya tura ka gaba. Da a ce irin wannan mutumin Baba ya gani shekara uku da suka wuce, da cikin rabin sa'a an gane abin da ke cin idonsa. Mu ce masa likitan awon gani.

Sai oftishan, wanda ke yanka gilashi bisa ga awon da aka rubuta, ya sa shi cikin mariƙinsa, ya daidaita a fuskarka. Kamar kafinta ne da aka ba shi awon ƙofa. Maƙerin tabarau ke nan, ba ya duba cuta.

Ta huɗu ita ce ta fi kusa da mu mutanen karkara, watau nas ɗin ido. Nas ce sosai, ko kuwa namiji, da ta ƙara kamar shekara guda tana koyon aikin ido kaɗai. A asibitocin ƙananan hukumomi da yawa ita ce duk ɗakin ido. Tana wanke ido, ta cire abin da ya faɗa ciki, ta gane wanda zai iya jira da wanda dole a kai shi birni yau. Waɗanda aka koya musu suna gyara fatar ido da ta juya ciki.

Mai akwatin tabarau ba ya cikin huɗun nan. Amma bari in yi masa adalci. Duk wanda ya haura shekara 40, ganinsa na kusa yakan ragu. Mama ta kasa zura zare a allura ko tsince tsakuwa a shinkafa, Baba ya riƙa miƙe hannu da littafin waƙa. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, tabaran karatu na kasuwa kuwa yakan biya bukata, ba ya kuma ɓata ido. Illar ita ce mutum ya koma gida da zaton an duba shi, alhali ba wanda ya leƙa cikin idon.

Wuraren da za a sami waɗannan ma'aikata ba ɓoyayyu ba ne. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, mishan ɗin SIM ne ya buɗe shi a 1943, mutane kuwa suna zuwa masa har daga Nijar da Chadi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, wadda dokar kafa ta ta fito a 1979. Akwai Asibitin Ido na Makka a Kano. Asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Jos da Maiduguri da Sakkwato duk suna da sashen ido.

SUNAN CIWON MA YANA ƁATAR DA MU

Tsakanin 2005 da 2007 an auna idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a duk faɗin Nijeriya. An tarar kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne. Cikin makafi 100 kuwa, 84 makantarsu irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Yana ce ta fi yawa, 43 cikin 100. Mai bi mata, wajen 17 cikin 100, ita ce cutar da ta kama Baba.

Yana da hakiya mukan haɗa su, don dukansu fari ne a ido. Ɗauki agogon hannu. Hakiya kamar gilashin agogon ne ya karce ya yi fari daga waje. Yana kuwa a ciki take. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garau, bai kai ƙwayar gurjiya ba, wanda haske ke ratsawa. Da tsufa, ko ciwon suga, ko bugu, sai ya gurɓace kamar ruwan tsari. Likitan fiɗar ido yakan cire shi ya sa na roba a gurbinsa. Aikin ba ya kai sa'a guda, mutum yana farke, an dai kashe zafin wurin da allura, washegari a buɗe bandeji. Zancen da ake yi a dandali, wai ana ƙwaƙule idon a ajiye a faranti, ko wai a sa maka na akuya, tatsuniya ce.

Tsoron wannan tatsuniya da rashin kuɗin mota su ke kai tsofaffinmu hannun masu yawo ƙauye ƙauye da tsinke, su ma ana ce musu likitan ido. Abin da suke yi shi ne su soka ƙarfe ko ƙaya su ture yanar ta faɗa can cikin ido. Nan take mutum yakan ga haske, a yi guɗa, a biya da akuya. Bayan 'yan makonni sai ciwo ya tashi, mai tsinken kuwa ya daɗe da ƙetare kogi. Wancan awo na ƙasa ya nuna fiye da 4 cikin 10 na idanun da aka taɓa saboda yana, irin waɗannan mutane ne suka taɓa su, kuma kusan 3 cikin 4 na idanun nan an same su a makance.

Hakiya ta fi yana wuyar magani, don tabo ce. Baƙon dauro yana kawo ta, musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai kyau. Amma mu manoma, tamu daga gona take zuwa. Ganyen masara ya yanke ka a ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa lokacin sussuka da shiƙa, ka murje ka ci gaba da aiki. Irin fumfunar da ke kama hatsi a rumbu mai damshi tana iya shiga ta wannan ɗan rauni. Ka je kemis a ba ka maganin ɗigawa mai sinadarin da ake kira sitiroyid, ja da zafi su kwanta kwana biyu, alhali maganin ƙarfi yake ƙara wa fumfunar. A gida kuma a ɗiga ruwan suga, ko nonon uwa, ko ruwan ganye, wasu har fitsari. Bayan mako biyu ido ya zama fari fat. Raunin ido daga gona, in har zafi da hawaye sun kwana, na nas ɗin ido ne washegari da safe. In kuwa maganin feshi ne ya fantsamu, kada ka jira kowa. Zuba ruwa mai tsabta a idon ba fasawa har minti 15 ko 20, sa'an nan a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu.

Yanzu ga cutar Baba. Likitoci suna ce mata gilakoma, a rediyo kuwa ana cewa hawan jinin ido. Sunan nan na Hausa ya taimaka, ya kuma ɓatar. Wata uwa a zumuntar mata ta ce mini ita ba ta da damuwa, tun da kullum tana shan ƙwayar hawan jini. To, ba jini ba ne, ruwa ne. Ido yana yin wani ruwa garau a cikinsa dare da rana, yana kuma da 'yar magudanar da ruwan ke fita. Duk mai noman rani ya san abin da ke faruwa in magudana ta toshe. Ruwan yakan taru ya matse jijiyar gani, tana mutuwa kaɗan kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. A yawancin mutane ba zafi, ba ja, ba hawaye. Awon matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, amma akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa ko da awon bai haura ba, don haka dole a leƙa jijiyar kanta. Abin da ya mutu ba ya dawowa, ko da fiɗa. Aikin magani shi ne tsare saura, da ɗigawa kullum har iyakar rai, ko da hasken lesa, ko da fiɗa. Cutar tana bin dangi, tana kuma kama baƙar fata da wuri fiye da Turawa. Ƙwayar hawan jini ba ta maganinta. Wanda ya kai shekara 40 ya kamata a auna masa ido duk shekara biyu ko da yana gani garau. Wanda akwai ta a gidansu, da mai ciwon suga, kowace shekara.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Amosanin ido ƙuda da ƙazantar fuska ke yaɗa shi tsakanin yara. In ya daɗe yana maimaituwa sai fatar ido ta juya ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido, shi ne ake ce wa gira. Matsefata ba ta raba mutum da shi, gashin zai sake tsirowa. Ɗan aiki ne na kamar minti 20. Ghana ta rabu da wannan cuta a 2018, da wanke fuska da masai da magani da wannan ɗan aiki. Dundumi, watau yaro ko mai ciki su kasa gani da magariba, yawanci rashin bitamin A ne. Maganinsa yana lambunmu: zogale, alayyafo, karas, gwanda, mangwaro, manja, ƙwai da hanta, tare da 'yar ƙwayar nan shuɗiya ko ja da ake matsa wa yara a baki sau biyu a shekara. Makantar bakin kogi ɗan baƙin ƙuda ne mai haihuwa a ruwa mai gudu yake kawo ta. Tun 1987 kamfanin da ke yin Mectizan ya fara ba da shi kyauta, 'yan sa-kai na ƙauye suna rabawa da sandar awon tsawo. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Abu ɗaya kada uwa ta manta. In tsakiyar idon jariri ya yi fari, ko yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare, ba na jira ba ne, ba kuma na mai awon tabarau ba. A kai shi wurin likitan fiɗar ido cikin makon nan, gama wani lokaci ba ido kaɗai ake ceto ba, rai ne.

SAURAN GWANAYE

A nan Hausa ta fi sauƙi, don gaɓar jiki muke kamawa mu ba da suna: likitan haƙori, likitan fata, likitan zuciya, likitan ƙoda, likitan yara. Likitan kunne shi ne kuma na hanci da maƙogwaro, a ƙofarsa za ka ga an rubuta ENT, akwai kuma cibiyar ƙasa ta wannan aiki a Kaduna tun 1999. Ƙaba da gwaiwa da maƙoƙon da ya girma na likitan fiɗa ne. Dattijon da fitsari ke yi masa gardama, likitan mafitsara zai nema. Akwai kuma waɗanda ba ka cika ganin fuskarsu ba, kamar mai sa ka barci kafin fiɗa, da mai karanta hoto, wanda dabam yake da mai ɗaukar hoton.

Inda sunan ke rikita mu wuri uku ne ko huɗu.

Likitan ƙwaƙwalwa suna ɗaya ne a kan mutum uku. Akwai na taɓin hankali da baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye, irin waɗanda ke asibitocin Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Akwai na jijiyoyi, wanda ke duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai mai fiɗar kai, wanda ake nema in mutum ya faɗo daga babur ya bugu. Na san gidan da aka ƙi kai yarinya mai farfaɗiya asibiti shekara da shekaru, don an ce likitan ƙwaƙwalwa za ta gani, uban kuwa ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Farfaɗiya ba hauka ba ce, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma ƙwayoyin da ke tsayar da ita suna nan. Shi ma mai taɓin hankali mara lafiya ne kamar kowa, ba abin ɗaurewa a turu ba. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Manzo Bulus kuwa bai ga aibin tafiya da shi ba.

Likitan ƙashi kuma da maɗori da mai gashin ƙashi. Ba na raina maɗori, na ga karayar da ya ɗora ta kama. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta kusa da gaɓa, ko ta gwiwar hannun yaro, ta Asibitin Ƙashi na Dala ce, wanda ke Kano tun 1959, ko wani irinsa. In an ɗaure da karare har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka fara baƙi, a kwance nan da nan a tafi. Yara da yawa sun rasa hannu ta haka. Mai gashin ƙashi kuwa ba ya ɗori, ba ya fiɗa. Shi ke koya wa gaɓa aiki bayan karaya ko shanyewar jiki.

Likitan mata shi ne kuma na haihuwa mai gardama, ungozomar asibiti tana aiki tare da shi. Amma yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke jawowa, ba kowane likitan mata ne ya iya gyaransa ba, kuma aikin farko shi ya fi saurin kamawa. Don haka a nufi inda aka saba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina cikin shekarun 1980, yanzu wurin cibiyar ƙasa ce. Akwai ta Evangel a Jos tun 1992, da ta Danja kusa da Maraɗi tun 2012.

Akwai kuma Asibitin Noma a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Ran da na fara jin sunan na ɗauka namu ne na malaman gona. Ashe noma a bakin likitoci wata muguwar cuta ce mai cin kumatu da leɓen yara ƙanana masu tamowa. Daga gyambon dasashi da warin baki take farawa, cikin kwanaki kaɗan ta huda kunci. A farkonta maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A wasu wurare ana ce mata ciwon daji, sunan da muke ba kansa kuma, sai iyaye su fid da rai su zauna a gida.

KAFIN KA HAU MOTA

Kuɗin mota a yau ba abin wasa ba ne, kada a sayar da tunkiya a je a dawo hannu wofi. Fara da malamin asibiti ko likitan da ke kusa, ka karɓi takardar turawa. Ka roƙe shi ya faɗa maka da Hausa wane irin gwani ne za ka gani, ya kuma rubuta maka sunan da Turanci a bayan katin. A manyan asibitoci kowane sashe da ranarsa, in ka zo ran Talata alhali ranar ido Alhamis ce, sai kwana a baranda. A buga waya a tambaya tukuna. Ɗauki duk kwalaben maganin da ka taɓa ɗigawa ko sha, har na gargajiya, kada ka ji kunya. In ido za a duba, tafi da ɗan rakiya, don akwai maganin da ake ɗigawa ya buɗe baƙin ido, gani ya dushe na 'yan sa'o'i.

In ka shiga, ba rashin kunya ba ne ka ce, “Ranka ya daɗe, kai ne mai yin fiɗar, ko mai awo?” Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Ka kuma tambayi sunan ciwon, da ko maganin na kwana bakwai ne ko na har abada. Masu gilakoma da yawa sukan daina ɗigawa in kwalba ɗaya ta ƙare, don ba wanda ya faɗa musu.

Ina roƙon sakatarorin ekklisiya da masu sanarwa ran Lahadi. In baƙi sun zo suka ce a yi shela “likitocin ido suna zuwa”, ku tambaye su daga wane asibiti suke, wa ke cikinsu, za su auna matsin ido ko tabarau kawai suka kawo, wanda aka yi wa aiki kuma ina zai same su bayan sun tafi. Abin da suka amsa shi za ku faɗa wa jama'a, da sunansa.

Na koma ƙauyen nan da farkon damina, na kai irin waken soya. Baba yana nan. Jikarsa ce ke ɗiga masa magani safe da dare, tana sa alama da gawayi a bangon ɗaki. 'Ya'yansa huɗu sun je an auna su, an sami matsin ya haura a idon na ukun, mai shekara 38, shi ma ya fara ɗigawa. Ran Lahadi Baba ne ya yi karatu, da tabaransa na kasuwar Laraba. Turmin kuwa an mai da shi bayan rumbu.